Wa Ke Baƙo a Abu Na'ama?

Da wuya ka ji Bahaushe ya ce an yi masa hoto. Abin da yake cewa shi ne an ɗauke shi hoto. Ku duba kalmar da kyau, jama'a. Ita ce muke faɗi in an ɗauki kaya, ita ce in an ɗauki amarya, ita ce kuma in an ɗauki mamaci za a kai shi makwancinsa. Duk abin da aka ɗauka akwai inda aka raba shi da shi, akwai kuma inda za a je a sauke shi. To, in ka ɗauki mutum a hoto, ina za ka sauke shi? Shi kuma ya san da tafiyar?

Ni ba mai hoto ba ne. Sana'ata rediyo, abincina murya, kuma na sha gori a wurin abokai masu kyamara da ke cewa gani ya kori ji. Abin da ya jefa ni cikin wannan tunani wani abokina ne ɗan Zariya, wanda karatun aikin gona ya kai shi Sudan, garin Abu Na'ama, inda tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar take. Garin yana bakin reshen Kogin Nilu da ake kira Nil Azrak, kudu da Sinja, a kan hanyar Damazin. Ƙasar wurin baƙar laka ce, mai tsagewa da rani, mai riƙe ƙafa da damina. Ana noman dawa da riɗi da auduga, kuma tun shekarun 1970 aka san garin da masana'antar buhunan rama. Abokin nan nawa ba shi da wata kyamara ta a zo a gani, wayarsa ce kawai. A farkon 2022 shi da wasu abokansa da neman ilimi ya warwatsa a ƙasashe suka ɗaukar wa kansu alkawari: duk mako za a zaɓi kalma ɗaya, kowa ya nemo hoto ɗaya da ya dace da ita kafin Juma'a, har mako 52. Wani makon a ce "inuwa", wani a ce "ƙofa", wani a ce "hannu". Maganin kewa ne, da kuma hanyar koya wa ido kallo. Ni ina cikin 'yan kallo, duk Juma'a hoton yakan iso ni kafin in shiga shiri.

Makonnin farko ba su da wata matsala. Kwalekwale a bakin ruwa, tulin kan dawa a masussuka, inuwar gawo a kan laka. Itace ba ya jin kunya, kogi kuma ba shi da dangi. Amma mutum ba zai yi mako 52 yana ɗaukar kogi ba. Da aka zo kalmar "hannu" sai ya shiga ƙauyukan Hausawa da ke jere a bakin kogin, ya sami wani dattijo yana ɗinkin koma a ƙarƙashin rumfa. Ya yi sallama da Hausa. Dattijon ya ɗago ya ce, "Kai ɗana, wannan Hausa taka ta ina ce?" Ya ce, "Ta Zazzau ce, Baba." Aka shimfiɗa masa tabarma, aka aika yaro ya kawo shayi, aka kira maƙwabta su zo su ga ɗan Zazzau. Da ya ce, "Baba, in ɗauki hannunka?" sai tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗauki mana, ai gidanku ne."

A nan nake so mu ɗan zauna, domin abokina ya ɗauki wannan amsa a matsayin izini, ni kuma har yau ina jayayya da shi a kai. Wanda ya san Bahaushe ya san cewa akwai "to" ɗin yarda, akwai kuma "to" ɗin kunya. Mutumin da ya shimfiɗa maka tabarma, ya kira ka ɗansa, ta yaya zai buɗe baki ya ce maka a'a a kan abin da bai fi ƙiftawar ido ba? Da Bature ne ya zo da ƙatuwar kyamara a wuya, tsohon zai iya ɗaure fuska, ko ya ce a je a tambayi mai gari, ko ma ya nemi a biya shi. Harshe ne ya kwance masa wannan damara. Hausar da ta buɗe wa abokina ƙofa ita ce ta rufe wa dattijon bakin ƙi. Shi ya sa nake ganin nauyin da ke kan ɗan gida ya fi na bare, ko da yake mu da muke da harshen mun fi son mu ɗauka cewa ya sauƙaƙa mana.

Sa'an nan izinin me aka bayar? Tsohon ya yarda wani yaro mai ladabi ya riƙe kamannin hannunsa a waya. Bai ce ya yarda a ɗora shi a Facebook ba, inda wani a Kano zai rubuta "Allah sarki talaka" a ƙasa, wani kuma ya kwafe ya manna a nasa shafin da labarin da ya ga dama. Malamai suna karantar da mu daga Suratun Nur cewa ba a faɗa wa gidan mutane sai da sallama da izini, suna kuma bayyana cewa saboda ido aka shar'anta hakan. To, wanda aka ce masa ya shigo, sai ya shigo da idon mutum dubu a aljihu, shi kaɗai aka yi wa izini ko har da su?

Akwai kuma abin da wa'adin Juma'a yake yi wa zuciya, wanda ni na sani daga aikina. Shirin mako-mako ciki gare shi, kuma ba ya ƙoshi. Ranar Laraba in ba ka da baƙon da za ka zanta da shi, duk wanda ka gamu da shi a hanya sai ka riƙa auna shi: wannan zai cika minti 15 kuwa? Mai hoton mako ma haka. Tun yana ganin maƙwabci, har ya koma ganin "inuwa" da "ƙofa" suna yawo da ƙafa biyu. Ba mugunta ba ce, ido ne ya sami aikin yi. Sai dai mu a rediyo muna da sutura da za mu iya yafa wa mutum. Muna iya ɓoye suna, muna iya sauya murya, mu ce "wata baiwar Allah daga wani ƙauye". Fuska ba ta da "wata baiwar Allah". Ita ce sunan, ita ce ƙauyen.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato 'yar maganar da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto. Abokina, cikin murna da ƙauna, yakan rubuta: "'Yan uwanmu 'yan Nijeriya mazauna Sudan." Mu kuma a gida mu yi ta jin daɗi, muna cewa ashe Hausa ta yi nisa. Amma wa ke zaune a ƙasar waje a cikin wannan hoton? Mai riƙe da wayar ne. Shi ke da fasfo da biza da ranar komawa. Dattijon nan a bakin kogin aka yanke masa cibi, a nan kaburburan iyayensa suke.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. Ɗaruruwan shekaru mutanen ƙasar Hausa da Barno suna bin hanyar gabas a ƙasa, ta Wadai da Darfur da Kurdufan, suna nufin Makka. Wasu su isa, wasu guzuri ya ƙare su tsaya noma, wasu su dawo daga hajji su ga wurin ya karɓe su. Bayan yaƙin Burmi a ranar 27 ga Yuli 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar wajen 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, ƙarfin mutanen yamma, Hausawa da Fulani da Barebari, yana cikin abin da ya ɗauki aikin. Daga nan ƙauyuka suka yi ta bin kogin kudu, masunta da manoman bakin ruwa. Agashe, wanda ɗan'uwan tsirenmu ne, ya zama abincin titi da duk Sudan ta sani. Mutanen da suka ba ƙasa abinci irin wannan ba jiya suka zo ba.

Gaskiya ne su kansu ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan. Masanin nan Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 a kan ƙauyukan Jazira, ya nuna cewa akwai jikoki da tattaɓa-kunnen maniyyata da har lokacin suke kiran kansu matafiya, wai suna kan hanyar Makka ne, zango kawai suka yi. Wannan magana ce tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma tana da daɗin ji. Amma a gaban hukuma da maƙwabci, kalmar "baƙo" tana da farashi, kuma da ƙasar noma ake biya. Sunaye irin su Fallata da Takari, da ake yi wa mutanen yamma jimla, sau da yawa da wannan ma'anar ake jefa su: ku ba 'yan nan ba ne.

A tsakiyar Yulin 2022, abokina yana mako na 28, rikici ya ɓarke a jihar Nil Azrak, maƙwabciyarsu ta kudu. Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ce sarauta da ƙasa take tafiya, ƙasa kuma ba ta Hausawa ba ce. Aka kashe sama da mutum 100 a Rusairis da kewayenta cikin 'yan kwanaki. Hausawa suka fita zanga-zanga a Hartum da Kasala da Gadarif da Madani. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa fiye da mutum 200. Dubbai suka gudu, wasunsu zuwa jihar Sinnar. Duk jinin nan a kan tambaya ɗaya aka zubar da shi: ɗan ƙasa ne ko baƙo? Ita ce kuwa tambayar da abokina ya yi wata shida yana amsawa duk Juma'a a madadin mutanen da ba su aike shi ba, kuma amsar da yake bayarwa ita ce ta masu korarsu.

Ba na cewa rubutun wani ɗalibi a Facebook ya kunna wutar Rusairis. Ko kusa. Abin da nake cewa shi ne ƙauna ma tana iya yi wa mutum shaidar zur. Mu Hausawan Nijeriya da Nijar muna da wata ɗabi'a ta ƙirga duk mai jin Hausa a duniya a matsayin dukiyarmu da ta bazu, kamar shanun da suka tafi mashekari. Na sha jin haka a wayoyin masu sauraro in an taɓo zancen Hausawan Sudan ko na zangon Kumasi: "Allah ya dawo mana da su gida lafiya." Wane gida? Mutumin da kakansa ya haƙa rijiyar garin kake yi wa addu'ar komawa inda bai taɓa gani ba.

Wani saurayi ɗan ƙauyen, wanda ya yi karatu a Sinja, shi ne ya tare abokina da maganar bayan rikicin. Ya ce masa, "Ɗan'uwa, hotunanka suna da kyau, amma ka daina ce mana 'yan Nijeriya. Ni Bahaushe ne, ni kuma ɗan Sudan ne, ba na neman afuwar kowa a kan ko ɗaya." Daga ranar abokina ya koma rubuta sunan sana'a da sunan kogi kawai.

Kyamara tana da tsohon bashi a wurin waɗannan mutane, ko da yawancinsu ba su san da shi ba. Masana tarihi sun kawo cewa bayan Burmi an yanke kan Attahiru, aka ɗauki hoto, aka riƙa nuna shi a ƙasar Hausa don kowa ya tabbata ya mutu, masu niyyar bin sa su zauna. Ke nan ɗaya daga cikin ayyukan farko da hoto ya yi a ƙasarmu shi ne karya zuciyar masu hijira zuwa gabas. Ita ma Sudan ta ga nata. A Maris 1993 Kevin Carter, ɗan Afirka ta Kudu, ya ɗauki hoton wani yaro da yunwa ta durƙusar a Ayod, ungulu tana tsaye a bayansa. Hoton ya zaga duniya, ya jawo taimako, ya ci babbar kyautar aikin jarida ta Amurka a 1994, a shekarar kuma Carter ya kashe kansa. Shekara da shekaru duniya tana ce wa yaron yarinya, domin ba wanda ya tambayi sunansa. Sai a 2011 wata jaridar Sifen ta gano danginsa, aka ji cewa namiji ne, kuma ya tsira daga wannan yunwar. Fuskarsa ta shiga kowane gida, shi kuwa ba a san ko wane ne ba.

To, sai a ce a ajiye waya a aljihu, a huta? Nan ne ni ma nake rabuwa da masu saurin haramtawa. A ranar 8 ga Afrilun 2019 wata matashiya, Lana Harun, ta ɗaga wayarta a Hartum ta ɗauki Ala Salah tsaye a kan mota cikin farin mayafi tana jagorantar waƙar zanga-zanga. Kwana uku bayan haka Umar al-Bashir ya faɗi. Ba hoton ne ya kayar da shi ba, amma shi ya sa duniya ta waiwayo. Lana ba ta tsaya neman izini ba, kuma ban ji wanda ya zarge ta ba, domin wadda ta hau kan mota a gaban dubban mutane ta riga ta ce a gan ta. Rashin hoto ma zalunci ne iri guda. Mutanen da ba a ganinsu a littafin makaranta, ba a ganinsu a talabijin sai ranar da aka kashe su, da sauƙi a ce ba su taɓa kasancewa a wurin ba. Hoton tsohon masallaci, hoton maƙabartar da itatuwa suka tsufa a cikinta, hoton tsohuwa da jikokin jikokinta a ƙofar gida ɗaya, duk shaidu ne cewa an daɗe. Hoton da zai iya zama makami a hannun mai kora, shi ne kuma zai iya zama takardar gado a hannun wanda ake kora. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da shi da abin da aka rubuta a ƙasansa.

Shi ya sa nake yawan tuna masu hoton da, irin Rashid Mahdi na Atbara, da takwarorinsa na Kano da Zariya da iyayenmu suka sani. A wurinsu mutum ne ke zuwa da ƙafarsa. Ya yi wanka, ya sa rigar da ya fi so, ya zaɓi yadda zai zauna, ya biya, ya karɓi abinsa ya kai gida ya rataye. Shi ya ɗauki kansa, mai hoto ya taya shi ne kawai. Waya ta juya wannan ciniki: yanzu mai ɗauka ne ke tafiya da hoton, wanda aka ɗauka ya tashi da hannu biyu. In da za a tambaye ni ma'auni, ba zan tsaya a kan "ka nemi izini?" ba, tunda mun ga yadda kunya ke sa hannu a takardar da ba ta karanta ba. Zan tambaya ne: za ka iya komawa rumfar nan, ka nuna wa Baba hoton, ka karanta masa abin da ka rubuta a ƙasa da babbar murya a gaban 'ya'yansa, har da abin da mutane suka tofa? In ƙafarka ta yi nauyi, akwai magana. Abokina ya ce wannan ma'auni zai kashe rabin hotunan kirki na duniya. Wataƙila. Ni dai ban ga dalilin da zai sa kyan hoto ya fi mai fuskar daraja ba, amma na yarda cewa da an bi tawa sau da ƙafa, da akwai ɓarnar da ba za a taɓa gani ba, domin azzalumi ba zai taɓa ce maka ka karanta masa ba. Ma'aunin nawa na raunana ne, ba na masu ƙarfi ba.

Abokina bai cika mako 52 ba. Ya tsaya a na 41, cikin Oktoba, makon da kalmar ta kasance "biki", ya ce ba zai iya ba. Ya dawo gida kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF. Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, mutanen jihar Sinnar suka watse zuwa Gadarif da Damazin da wasu wurare, kafin sojoji su karɓe Sinja a watan Nuwamba. A cikin wannan watsewa ne saƙo ya iso shi daga Gadarif, daga ɗan dattijon nan mai koma. Baba ya rasu a hanya. Kayan gida sun tafi, wayoyi sun tafi. Yana tambaya ko hoton nan yana nan. Hannu ne kawai a ciki da zaren koma, ko fuska babu. Ɗan ya ce ya gane tabon da ƙugiya ta yi wa babban yatsan, ya ce a turo.

Akwai sauran hoto ɗaya da bai taɓa nuna wa kowa ba sai ni, na makon "ruwa". 'Yan mata ne huɗu a bakin kogi da yamma, sun juya baya suna wanke-wanke, ɗaya ta waiwayo tana dariya. Daga nesa ya ɗauka, ba su sani ba, bai san gidajensu ba. A cikin hotuna 41 babu wanda ya kai shi kyau. Ni na ce ya goge, tunda ba a ba shi ba, kuma 'ya'yan mutane ne. Shi ya ce yanzu ba a san inda yaƙi ya jefa su ba, in wata rana uwar ɗaya daga cikinsu ta zo nema fa, kamar yadda ɗan Baba ya zo? Na ce ta ina za ta san yana da shi? Ya ce ta ina ɗan Baba ya san zai buƙaci hoton yatsa? Hoton yana nan a wayarsa, ya sa masa lambar sirri, kuma ko a watan jiya da muka haɗu a Zariya wajen wani ɗaurin aure sai da muka sake tayar da maganar, har aka kira sallar la'asar.